Kwamfutocin Gramada Sun Daina Kira

Shekaru Zdravko ya yi yana zaga makarantun ƙauyukan lardin Vidin da jakar faya-fayan kwamfuta. Duk inda kwamfuta ta rikice, shi zai je ya sake loda mata manhaja, ya zauna ya jira ta gama. A wannan jiran ne ake kawo masa kofi, ake hira, ake tsokanarsa. Tun da matarsa ta rasu, ɗansa ya tafi Jamus, hirar da yake samu ke nan.

Da gwiwa ta fara damunsa sai ya haɗa saba, wato uwar kwamfuta mai aika wa sauran manhaja, a ɗakin ƙasa na ofishinsu. Ya wahala kafin ta yi, amma ta yi. Yanzu malami zai kunna kwamfuta kawai ya danna maɓalli ɗaya, ita da kanta za ta nemi sabar ta waya, sabar ta turo mata manhaja sabuwa fil. Shugaban ofis ya yaba masa, ya karɓe makullin motar aiki tunda ba sauran yawo.

Daga nan aikinsa ya koma kallon allo. Sunan makaranta ya fito, ya wuce. Ba mai kiransa, don ba abin da ke lalacewa. A ɗakin ƙasan nan yake cin burodinsa da cuku, fankar sabar na ta huci.

Da kaka ta shigo ya lura kwamfutocin wata ƙaramar makaranta a bayan garin Gramada sun daina neman sabar. Ya buga waya, ba a ɗauka ba. Sai ya hau bas.

Ya tarar da shugabar makarantar, Malama Bistra, ita kaɗai tana naɗe taswira.

"A'a, injiniya! Ashe kana raye?" in ji ta. "Mun ɗauka na'urarka ta haɗiye ka."

"Malama, kwamfutocinki ne suka yi shiru."

"To wa zai kunna su? Yaran da suka rage an mayar da su gari. An rufe mu."

Ya shiga ɗakin kwamfuta, ya ga an lulluɓe su da labule. Ya kunna ɗaya, ta nemi sabar, sabar ta amsa nan take. Ya tsaya yana kallo har ta gama, sannan ya kashe.

Bistra ta leƙo. "Lafiyarta ƙalau, ko?"

"Ƙalau."

"Ka yi aiki mai kyau, Zdravko. Mu ne dai muka yi kewar surutunka."

Sai ya kama taya ta ɗaure kwalaye. Ta gaya masa za ta koma wurin 'yarta a Valencia, jirginta daga Sofia zai tashi ranar Alhamis.

"Zan raka ki," ya ce.

"Har Sofia? Da wannan gwiwar? Aikinka fa?"

"Aikin yana yin kansa. Ki dai bar min akwatin da ba shi da nauyi."