Dutse da Goriba

Malam Sha'aban yana kan mataki na bakwai na tsanin tankin ruwan makaranta, da dutse da ƙwallon goriba a jakar da ya rataya, lokacin da ya tuna cewa shi fa ko katangar gidansu bai taɓa hawa ba. Ya leƙa ƙasa, ya ga ɗalibai arba'in sun ɗaga kai suna kallonsa, ya yi maza ya mayar da idonsa kan ƙarfen tsanin.

Shekara tara ke nan yana koyar da kimiyya a wannan sakandare ta Azare, amma har yau sunansa malamin wucin gadi. Bana aka ce za a ba mutum ɗaya takardar aikin dindindin, kuma wasiƙa ta zo daga Bauchi cewa wani Dakta S. Yakubu zai zo ya ga darasinsa. Tun asuba matarsa Zulaiha ta goge masa kaftani har yana ƙyalli, ga shi yanzu tsatsa ta yi masa zane a ƙirji.

Baƙin sun iso da hantsi. Wani ƙaton mutum ne ya fara fitowa daga mota, cikin babbar riga ta shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi isa ofis. Shugaban makaranta ya ruga da hannu biyu yana ta "Sannu da zuwa, Dakta!" Mutumin bai musa ba. Bayansa wata siririyar mata ta fito da littafi a hannu. Ta buɗe baki za ta yi magana, shugaba ya ce, "Hajiya, ga benci can a inuwa." Shi kuwa mai babbar riga, kujerar kushin ta ofis aka ɗauko masa har gindin darbejiya.

Da Sha'aban ya kai saman, ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ya ɗaga murya. Abin da ya sani dai ya sani.

"Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta. Nauyin da kuke ji idan kun ɗauki tulu, ƙarfin wannan jan ne, ba wani abu ba. Wannan dutse ta fi jansa da ƙarfi, gaskiya ne. To amma shi ya fi wuyar motsawa. Goriba jan da ake mata kaɗan ne, motsa ta kuma ba wuya. Saboda haka idan na sake su tare, tare za su isa. Ku zuba ido."

Ya sake su. Ƙara ɗaya aka ji, tim, ƙura ta tashi. Ɗalibai suka ɗauki sowa, har na baya suna tsalle. Daɗi ya kama Sha'aban, ya manta yana sama.

Mai babbar riga ya yi gyaran murya.

"Dutsen ne ya riga."

Sowa ta mutu nan take. Shugaban makaranta, wanda a lokacin da abin ya faɗo yana can yana buɗe wa baƙo lemon gwangwani, ya ce, "Ni ma haka na gani, ranka ya daɗe."

"Ai abu ne sananne," in ji baƙon, yana gyara hannun riga. "Shekara talatin ina ganin ana sauke buhuna daga kan tirela. Buhun gero da buhun dusa su faɗo tare? Haba, Malam!"

Ya kamata Sha'aban ya tambayi kansa me ya haɗa dakta da buhun dusa, amma mai neman takarda ba ya irin wannan tambaya. Ya ce cikin ladabi, "Ko a sake, yallaɓai?"

Aka saka dutse da goriba a guga, aka ja masa su sama. Ya sake su. Tim, ƙara ɗaya kamar ɗazu. Matar nan ta kan benci ta rubuta wani abu.

"Ka gani ko?" in ji mai babbar riga. "Dutsen ya kuma riga. Da kaɗan dai, amma ya riga."

Shugaba ya ɗaga kai ya yi wa Sha'aban wani kallo, irin wanda ake yi wa mutumin da zai zubar wa kansa da abinci. Sha'aban ya dubi ɗalibansa, ya dubi kujerar kushin. Ya tuna shekara tara, ya tuna Zulaiha da ta riga ta gaya wa 'yan'uwanta na Gololo cewa bana an gama. Tsoro ya kama shi, wanda ya fi na tsanin.

"Gaskiyar Dakta ne," ya ce. "Idan aka lura sosai, mai nauyin yakan ɗan riga."

Shugaba ya fara tafi, malamai suka taya shi. Ɗalibai suka sunkuya suna rubutawa a littattafansu.

Yana saukowa, matar ta taso daga benci ta tare shi.

"Malam Sha'aban, ni ce Dakta Saudatu Yakubu. Wancan maigidana ne, Alhaji Maikuɗi. Hatsi yake sayarwa. Zai je kasuwa ne ya rage mini hanya."

Gwangwanin lemo ya kusa suɓuce wa shugaba.

"Na zaga Misau, na zaga Dambam," ta ci gaba, ba tare da ta ɗaga murya ba, "ban ji wanda ya yi bayanin nan kamar kai ba. Tare suka faɗo, sau biyu, kuma ka fi kowa gani tunda kana sama. Har na rubuta sunanka." Ta juya masa littafin. Ga sunansa nan kuwa, amma an ja layi ɗaya a kansa an soke shi. "Shi Alhaji a gida ma haka muke fama da shi, ba kuma shi aka ba yaran mutane ba."

Da za su tafi, Alhaji Maikuɗi ya sauke gilashin mota ya leƙo. "Malam, ka burge ni wallahi. Malaman yanzu ba su da irin ladabinka."

Shugaba ya ce a mayar da kujerar kushin ofis, ya shige bai ko dubi Sha'aban ba.

Bayan hutun tara, Sha'aban ya shiga aji da goribar a hannu. Bai kai ga ɗaukar alli ba hannuwa suka tashi.

"Malam, to a jarrabawa wanne za mu rubuta? Tare, ko dutsen ya riga?"

Ya buɗe baki zai ba su amsa, sai ya tsinci kansa yana leƙa taga, ya ga ko akwai wani babba a kusa.