Yawon Gidaɗo a Mota Mai Ɗaki

Tun da 'yan bindiga suka kore shanun Gidaɗo daga dajin yammacin Gidan Rumji, bai sake kwana a fili ba. Ɗansa Abdussamad, wanda ke gyaran motoci a Maraɗi, shi ya kama masa ɗaki a bayan kasuwar Tibiri, ya ɗauko iyayen nasa, Gidaɗo da matarsa Fadimatu, ya zaunar da su. Mutumin da ya tsufa bai san ƙyaure ba, sai ga shi yana yawo da makulli a aljihu. Ba ya ciwo, ba a kuma ce yana da lafiya ba. Da safe ya shimfiɗa buzu a gindin bango, rana ta kore shi ya koma ɗaya gefen. In aka sayo masa nono a kasuwa, kurɓi ɗaya yake yi ya ture ƙwaryar, ya ce madarar gari ce aka dama da ruwa.

Abin ya tsaya wa Abdussamad a rai. A bayan garejin da yake aiki akwai wata tsohuwar mota fara, doguwa, wadda aka ce wasu Nasara mata da miji suka ratso hamada da ita tun zamanin da ake ratsowa, suka sayar, suka hau jirgi. Cikinta ɗaki ne guda: ga gado, ga murhun gas, ga tankin ruwa, har da ɗan teburi mai naɗewa. Abdussamad ya roƙi maigidansa ya bar masa ita, ya yi damina guda yana fama da injinta. Da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai ga shi a ƙofar gidan Tibiri yana danna oda, yara na biye da shi suna ihu.

"Baaba, ku shirya," ya ce da Fillanci. "Yawo za mu. Duk hanyar da kuka bi da ƙafa, yau a zaune za ku gan ta. Mu fara da Cadakori wajen Baba Sale, mu bi ta Sae Sabuwa, mu ci kasuwar Cadawa, mu ƙare a Gazawa ku ga goruba a bakin gulbi."

Gidaɗo bai taɓa kiran sunan ɗan nan ba, don shi ne na fari, kuma kunyar ɗan fari ba ta tsufa. Ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya ce, "Kai wannan, yawon mi? Mi za mu kai can?"

"Ba komi. Gani kawai."

"Mutum ya tashi ya tafi wuri don gani kawai?"

Fadimatu ce ta raba gardamar. Ta shiga ɗaki ta fito da tabarma, da buta, da ƙwaryarta ta tatsa wadda ta daɗe rataye a ƙusa, ta ajiye su a kan gadon motar. Ganin haka Gidaɗo ya ɗauki sandarsa ya hau.

Da farko abin ya so ya yi daɗi. Suna barin kwalta iska ta shigo da ƙanshin karan gero, Gidaɗo ya miƙe zaune ya fara nuna wurare da baki. Ga tsamiyar da suka taɓa fakewa ranar da ƙanƙara ta sauka. Ga fadamar da wani bijiminsa ya maƙale a laka, sai da mutanen ƙauye suka taru aka ciro shi. Abdussamad na tuƙi yana murmushi, yana satar kallon uwarsa a madubi.

"Tsaya nan," in ji Gidaɗo. "Burtali ne."

Suka sauka. Burtalin da ya sani, garke biyu kan gitta juna a cikinsa ba ƙahon da ya taɓa wani. Yanzu gonaki sun ci shi daga dama, sun ci shi daga hagu, abin da ya rage bai fi hanyar amalanken jaki ba. Gidaɗo ya tsaya tsakiya, ya miƙa sandarsa, ta kusa taɓa shingen kowane gefe. Abdussamad ya fito da salula zai ɗauke shi hoto, ya ga fuskarsa, ya mayar da ita aljihu.

Sun isa Cadakori da hantsi. Sale tsohon manomi ne, amininsa tun suna samari. Kowace kaka a gonarsa Gidaɗo ke sauka, shanu su ci kara su bar taki, Fadimatu ta kai nono gidan, a ba ta gero. Da aka ce masa ga Gidaɗo, Sale ya fito yana lalube, don idanunsa sun yi hazo. Ya kama hannunsa ya ƙi saki.

"Ardo! Ashe kana duniya? Yara sun ce mani wai da gida ka zo bisa taya. To, Bafillace dai ba ya barin hali, ko a mota sai ya ɗauko ɗakinsa!"

Aka yi dariya, aka yanka zakara. Mutanen unguwa suka yi layi suna shiga motar suna fita, mata na taɓa murhun gas suna salati. Abdussamad ya kafa rumfa a jikin motar, ya jera tabarmi, ya ɗora shayi. Wanda ya gani daga nesa zai ce biki ake.

Amma da hayaniya ta lafa, tsofaffin biyu suka zauna, sai zance ya ƙi tafiya. Duk hirarsu ta da a kan shanu take da gona: wace saniya ta haihu, ina ruwa ya yi kyau, yaushe za a saki dabbobi. Sale ya buɗe baki zai tambayi garke, ya tuna, ya mayar da tambayar ta koma ta lafiyar ƙafa. Gidaɗo ya tambayi gonar gawo.

"An raba ta," in ji Sale. "Ɗiyana sun yi yawa, kowa ya samu kamar shimfiɗar tabarma. Karan ma yanzu ba a bari, kwashewa suke su ɗaure su sayar. Ko da ka zo da shanun, Ardo, ƙasa za su lasa."

Ya faɗe shi ne don ya sanyaya masa zuciya. Gidaɗo ya gane haka, ya gyaɗa kai.

Niyyar Abdussamad su kwana a daji, a hura wuta, uban ya ga sarari kamar da. Sale ya ce sam. Wa ke kwana a daji yanzu, balle da farar mota da ake hangowa tun daga nesa? Haka aka tura motar cikin filin lakol, makarantar garin, aka rufe ƙofar ƙarfe a bayanta. A Sae Sabuwa ma haka aka yi, sai dai can a ƙofar maigari. Mutanen da Gidaɗo ya tambaya, wani ya rasu, wani ya bi 'ya'yansa Agadas, wata ruga kuwa ko toka ba a gane inda take ba. Ya daina nuna wurare. In Abdussamad ya ce, "Baaba, ga rijiyar da kuke faɗi," sai ya ce, "Na gani."

Ranar kasuwa suka shiga Cadawa. Abdussamad ya so ya zagaya da su ta wajen 'yan tabarmi da masu ƙuli-ƙuli, ya kauce wa kara, inda ake cinikin dabbobi. Amma ƙafar makiyayi ba ta neman izini. Kafin ya gama rufe mota, uban ya yi gaba.

Gidaɗo na tafe tsakanin turaku, yana duban shanun mutane kamar mai duban abinci da azumi a baki. Can gefe, kusa da inda kamyo, babbar motar ɗaukar shanu, ke lodi, ya hangi wata jar saniya, ramammiya, ƙashin bayanta a waje, ƙahonta na dama ya ɗan karye a baki. Ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Ya matsa, ya dubi kunnenta na hagu, ya ga tsagar gidansu, wadda ubansa ya gada wajen nasa uban.

Bai san lokacin da kiran sunanta ya fita daga bakinsa ba, irin kiran da yake yi da asuba in za a tashi kiwo. "Woɗeye!"

Saniyar ta ɗaga kai. Ta juyo, ta ja igiya har turken ya motsa, ta yi wani kuka gajere, ta miƙo hanci ta tura cikin hammatarsa.

Dillalin da ke riƙe da ita, wani mutum mai faɗin fuska da rawani a kafaɗa, ya taso. "Baba, kana so ne? Tsohuwa ce, amma akwai nama."

"Tawa ce," in ji Gidaɗo. Muryarsa ba ta ɗaga ba. "A hannuna aka haife ta. Uwarta ma tawa ce."

Nan da nan mutane suka taru. Abdussamad ya iso yana haki, da ya ji abin da ake ciki ya ce sai an kira jandarma. Dillalin bai yi fushi ba, bai kuma tsorata ba. Ya ce shi wajen wani ya karɓa, wanin ya saya a wata kasuwa ta bakin iyaka, can ma ba a san hannu nawa ta bi ba. Ya ce irin wannan tsaga ba gida ɗaya ke yin ta ba. "Ban ƙaryata ka ba, Baba, na ga yadda ta yi da ta ji muryarka. Amma in jandarma sun zo, ɗaure ta za su yi a buro, can ofishinsu, har a gama bincike, kuma wanga bincike ni ban taɓa ganin ƙarshensa ba. Can za ta mutu. Mai kamyo ya riga ya taya. In kuna so, ku rigaye shi, ni ko ladata na yafe."

Abdussamad ya ja uban gefe. "Baaba, zan saye ta. Akwai wanda ya daɗe yana son motar nan a Maraɗi, yanzu zan kira shi."

Lokacin Fadimatu ta iso, don labari ya kai mata har mota. Ta ratsa maza ba ta dubi kowa ba, ta durƙusa gefen saniyar, ta shafa hantsarta da ta bushe ta yamutse, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Sannan ta ɗago ta dubi mijinta. Tun aurensu ba ta taɓa roƙonsa komi a gaban mutane ba.

"Ka bar shi ya saya," ta ce.

Gidaɗo ya kama igiyar, ya daɗe yana duban saniyar. Ya buɗe bakinta, haƙoran sun cinye. Ba za ta sake haihuwa ba. Ya tuna lungun bayan kasuwar Tibiri, da awakin da ke cin leda a kan juji, da ɗan tsakar gidan da ko shanya ba ta isa. Ya tuna 'yan maruƙanta, da sauran garken, waɗanda ba wanda zai ce ga inda suke. Ya ga kansa kowace safiya yana fitowa ya tarar da ita ɗaure a turke, ita kaɗai, tana dubansa, tana jiran ya kwance ta su tafi inda babu.

"A ina za ta ci?" ya ce.

"Zan riƙa sayo dusa da harawa," in ji Abdussamad.

"A ina za ta kwanta? Da wa za ta yi kiwo?" Ya saki igiyar. "Kai wannan, kada ka sayar da abinka. Saniya ɗaya ba garke ba ce."

"Baaba..."

"Na gama magana."

Ya juya ya bi hanyar mota, bai waiwaya ba, ko da saniyar ta sake kuka. Fadimatu ta daɗe ba ta taso ba. Da ta zo, ta wuce shi ta hau gadon baya, ta juya fuska ga bango.

Abdussamad ya zauna riƙe da sitiyari, bai tayar ba. Can ya ce, a hankali, "Gazawa ba nisa. Ko goruban nan ku gani, tunda mun zo."

"Mai da mu gida."

Suka hau kwalta suka yi yamma. Ba su yi nisa ba wata babbar mota ta yi musu oda ta wuce, ta dawo gabansu. Kamyon kasuwa ce, ta nufi Maraɗi inda za ta karya kudu, shanu cunkushe a ciki, ƙahoni sun fito ta saman katako suna karo da juna. Hanyar ɗaya ce, kuma tsohuwar motar ba ta da ƙarfin da za ta wuce ta. Haka suka bi bayanta, warin kashin shanu na shigowa ta taga. Gidaɗo ya kafa ido a kan ƙahonin, yana nema, yana kuma fatan kada ya samu.

Abdussamad ya kasa jurewa. Ya sauka gefen hanya, ya tsaya a gindin wata bishiyar bedi, ya kashe inji. Kamyon ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace a bayan tudu.

Gidaɗo ya sauka, ya yi alwala, ya yi la'asar a kan yashi. Da ya sallame bai tashi ba. Wani yaro ya wuce da tumaki, ya gaishe shi, bai ji ba. Inuwar bedin ta miƙe har ta haye kwalta. Abdussamad ya zagayo ya tsuguna kusa da shi.

"Baaba, mu tafi? Kada magariba ta same mu a hanya."

"Dakata tukuna," in ji Gidaɗo. "Bari su ƙara nisa."