Hancin Ottavio

A ƙauyenmu da ke kan tuddan Langa ba a cewa giyar gidan Ottavio, hancin Ottavio ake cewa. Babana ke nan. Shi ke sauka rumbun giya na ƙarƙashin ƙasa ya sunsuna ganga, ya ce wannan ta isa shiga kwalba, waccan a bar ta ta ƙara shekara, kuma ba mai musu. Yayana Fulvio ya haura arba'in, ya yi karatun haɗa giyar inabi a garin Alba, amma a gidan nan wankin ganga ne aikinsa. Yana so a sakar masa rumbun, Baba kuwa ya ce sai ran da hancinsa ya mutu.

Abin da na sani, Fulvio kuma yake zargi, shi ne hancin ya riga ya mutu tun wani zazzaɓi da ya kwantar da Baba. Na gane ne ran da miya ta ƙone a gabansa yana ta karatun jarida. Ban gaya wa kowa ba. In ana ɗanɗano sai in tsaya inda zai ga fuskata, da na yamutsa sai ya ce a canja kwalba. Ni da shi ba mu taɓa yin zancen ba.

Wata Asabar wani matashi da matarsa Loredana suka zo daga birnin Torino. Gidan abinci za su buɗe, suna so a koya musu ɗanɗanon giya. Muna sauka rumbu Fulvio ya ce, "Ilde, an manta cuku da burodi, je ki ɗauko." Ni da wautata na tafi.

Tun daga matakala nake jiyo muryar Baba, ya samu ɗalibai sai zuba yake.

"Ɗana, ba kofin shayi ba ne, kama shi ta ƙafa. Karkata shi kan farin zanen tebur. Ka ga bakin giyar ya yi kalar bulo? Giyar inabin Nebbiolo ke nan, tun tana yarinya take kama da tsohuwa. Juya a hankali, ba wanki kake yi ba! Yanzu sa hanci kafin baki. Kun ji busasshen fure? Kun ji 'ya'yan itacen ceri, da ɗan ƙamshin kwalta can ƙasa?"

Matashin ya gyaɗa kai don kunya. Loredana kuwa ta ɗago kai ta dubi Baba.

"Baba, ka yi haƙuri, ni fa warin jiƙaƙƙen kwali nake ji."

Baba ya kece da dariya. "Hancin birni! Hayaƙin mota ya cinye shi."

Na ajiye faranti, na ɗauki kofi na sunsuna. Kwalbar da muka ture gefe jiya ce, wadda ruɓaɓɓiyar toshiyar bakinta ta lalata giyar ciki. Ko yaron goye a ƙauyen nan zai gane ta. Fulvio ne ya zuba ta, ga shi can yana kallon ƙasa.

Sai a lokacin Baba ya waiwayo ya dube ni. Dariyar ta tsaya. Ya ajiye kofin a hankali.

"Gaskiyarki, 'yata," ya ce wa Loredana. "Kina da hanci, ki riƙe shi da kyau. Fulvio, buɗe musu wata, ka ci gaba." Ya kama ƙarfen matakala ya haye.

Na ja Fulvio bayan ganguna. "A gaban baƙi, Yaya? Ko kunya ba ka ji ba?"

"Gangunan bara suna tsami yana cewa sun yi daidai," ya ce. "Na yi magana, ya ce in je in wanke ƙasa. Ke kuma kina rufa masa. Gaya min yadda zan yi."

Na bar shi nan na hau sama.

Na tarar da Baba a ɗaki, zaune a bakin gado, kabad a buɗe. Gyalen ulun Mama ne a cinyarsa, wanda take yafawa kafin ta rasu.

"Ki ƙyale yayanki," ya ce. "Rumbun nasa ne daga yau. Giyar ma da sauƙi, na haddace ta. Wannan ne ke damuna." Ya shafa gyalen. "Kullum da safe nakan sa fuskata a ciki. Yanzu ulu kawai nake ji yana sosa min hanci. Zo ki sunsuna min, Ilde. Har yanzu tana nan?"

Na sunsuna. Kafur ne kawai da tsohon katako.

"Tana nan, Baba."

"Me da me? Kar ki yi sauri."

"Sabulun lemo," na ce. "Da hayaƙin murhu."

Ya rufe ido. "Sai kuma me?"