Ƙofar Ƙarfe ta Garin da Ba Kowa

Munzali bai taɓa zama mai haƙuri ba, fuskarsa ce kawai take yaudarar mutane. Malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi, yana zaune a Gesse da matarsa Adawiyya da yaransu, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ranakun hutu kuma yana da wata sana'ar da ba ta kawo masa komai sai daɗin rai: yakan nemo tsohon wasan kwamfuta irin na shekarun casa'in, ya buga shi, ya yi sharhinsa da Hausa, ya ɗora a shafinsa na intanet. Masu kallonsa ba su da yawa, amma Allah ya zuba musu naci. Su ne suka tasa shi gaba sai ya yi musu sharhin wani wasa da yake yawan ambata yana kaucewa.

Wasan yana da sunansa na Turanci, amma Munzali da amininsa Sama'ila ba su taɓa kiransa da shi ba. Garin da Ba Kowa suke ce masa. Mutum zai tsinci kansa a wani gari a gindin madatsar ruwa, gidaje a buɗe, tukwane a kan murhu, amma babu ko kaza. Ba a harbi, ba a gudu, ba wanda zai biyo ka. Sai dai ka shiga ɗaki, ka ɗaga wannan, ka murɗa wancan, ka gano abin da zai buɗe maka hanya ta gaba. Wasa ne na masu dogon haƙuri, shi ya sa har yau ake mamakin yadda Munzali ya jure masa.

Gaskiyar magana, Sama'ila ne ya sa ya jure. A Argungu suka tashi, layi ɗaya, aji ɗaya. Mahaifin Sama'ila yana riƙe da sito a ofishin wani shirin noman rani, kuma a ofishin akwai kwamfuta ɗaya, fara, mai ƙaton ƙeya, da aka kawo da faifan wasan a cikin kwalinta. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ma'aikata ba sa komawa, sai tsohon ya kau da kai, su biyun su shige. Aikin a rabe yake: Sama'ila ke riƙe da maus, don hannunsa a natse yake, Munzali kuma ya karanta Turancin ya yi ta ba da umarni. Daga nan Sama'ila ya zama Direba, Munzali ya zama Bature, kuma sunayen suka bi su har girma.

Sun ci garin nan kaf, ɗaki bayan ɗaki, sai ƙofa ɗaya. Ƙofar ƙarfe ce a jikin madatsar, da wasu ƙafafun famfo masu kama da sitiyari a jere gabanta, ana so a murɗa su bi da bi a wani tsari. Sun gwada duk abin da kan ɗan sakandare zai iya kawowa, ƙofar ko motsi. Suna cikin haka shirin noman ya naɗe tabarmarsa, aka kwashe kayan ofis a mota, har da kwamfutar. A bakin ofishin suka tafa hannu a kan cewa duk ranar da Allah ya sake haɗa su da wasan, ba wanda zai buɗe ƙofar ba tare da ɗan'uwansa ba.

Alkawarin yara ne, amma shi kaɗai ya rage musu. Munzali ya tafi karatu ya zauna Birni. Sama'ila ya tsaya gida, yana noman shinkafa a fadama yana gyaran injin ban ruwa. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ba wata tafiya ba ce, mutum zai je ya dawo kafin tuwo ya huce a kula, amma sai suka koma haɗuwa wurin suna da wurin gaisuwar mutuwa. In suka yi waya, bayan an tambayi iyali da ruwa sai hira ta tsaya cik, don Munzali bai san farashin taki ba, Sama'ila kuma bai damu da rigimar malamai da mai makaranta ba. Sai ɗayansu ya tuno da ƙofar, nan take murya ta saki, a yi ta gardama da dariya har kati ya ƙare.

Wata Asabar da hantsi Munzali ya samo wasan a intanet, an gyara shi yana hawa kwamfutocin yanzu. Niyyarsa mai kyau ce: zai ɗauki hotunan garin don sharhi, ya tsaya a bakin ƙofar, ya kira Sama'ila. Yana kunnawa sai ya ji abin da bai taɓa ji ba. Iska tana kaɗawa, ruwa yana gudu, can kuma a hasumiyar garin wata ƙararrawa tana buga ɗan gajeren kiɗa tana maimaitawa. Kwamfutar ofishin nan ba ta da lasifika, kuma su a lokacin ba su ma san ana sa wa kwamfuta lasifika ba. Duk shekarun nan a kurmance suka buga wasan.

Da ya isa ƙofar ya taɓa ƙafar famfo ta farko, sai ta yi ƙara irin ta ƙararrawar. Ta biyu ma haka, amma muryarta ta fi kauri. Ko yaro zai gane abin da ake nufi. A nan ne ya kamata Munzali ya rufe kwamfutar ya ɗauki makullin mota, kuma ya san haka, don har hannunsa ya kai kan murfin. Sai ya ce wa kansa ai gwadawa kawai zai yi, ya tabbatar kafin ya ɗaga wa mutum hankali. Ya bi kiɗan da famfunan. Ƙofar da ta gagare su tun suna sa gajeren wando ta buɗe ba gardama.

Abin da ke bayanta bai taka kara ya karya ba. Ruwa ya kwararo cikin magudanan garin, fitilu suka kama gida bayan gida, aka nuna inuwar mutane suna saukowa daga tudu da kayansu, sai sunayen waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka fara hawa. Shi ke nan. Munzali ya zauna yana kallon sunayen Turawa, zuciyarsa ba daɗi, kamar wanda ya cinye abincin baƙo a ɓoye.

Adawiyya ta shigo ɗaukar tsintsiya ta gan shi a haka. Da ya gaya mata, ba ta yi masa dariya ba, ko da yake ta so.

"Tau, ka kira shi ka hwaɗa mishi gaskiya," in ji ta. "Shi yi hushi yau, gobe shi huce."

"Ba ki san Sama'ila ba," ya ce.

Ta san shi sarai. Munzali ne dai ya zaɓi hanyar da mutanenmu suka fi ƙwarewa a kai, wato a rufe abu da kara har ya ruɓe. Ya goge alamar cewa ya gama wasan, ya mayar da shi bakin ƙofa, ya kashe sautin kwamfutar. Asabar ta gaba ya sa kwamfutar a jaka ya kama hanyar Argungu, yana wuce gonakin shinkafa da buhunan albasa a bakin titi, yana ta shirya fuskar da zai yi.

Sama'ila ya tarbe shi a ƙofar gida da man inji a hannu. Ya rame, ya yi baƙi, amma dariyarsa tana nan yadda take. Da ya ji abin da ke cikin jakar sai ya dafa bango.

"Bature, da gaske kake? Garin namu?"

"Shi na, Direba. Na kai mu har bakin ƙohwa na tsaya."

Ƙaryar ta fita sumul, har shi kansa ya ji tsoro. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, Sama'ila bai ko ci na kirki ba. Ya wanke hannu sau biyu kafin ya taɓa maus ɗin. Da garin ya bayyana a allo sai ya shiga bin titunan a hankali, yana gaida kowane lungu da ido.

Sa'an nan ya fito da abin da ya daɗe yana dafawa. Ya ce shekara da shekaru, duk sanda yake sakin ruwa a fadama, ƙofar nan tana ransa. Ya zana layuka da yatsa a ƙasan zauren.

"Kuskuren da munka yi, daga sama munka riƙa hwarawa. Ruwa ba a sako shi sai an buɗe mishi inda za shi. Ka hwara da na ƙasa, ka bi su har sama. Wallahi ranar da abin ga yaz zo mani, ina tsakiyar ruwa, sai da nay yi kabbara."

Hujja ce mai kyau, ta fi ta masu wasan ma hankali. Sai dai ba ita ba ce. Ya murɗa famfunan daga ƙasa zuwa sama, ƙofa ta ƙi. Ya sake, ya sauya biyu na tsakiya, ta ƙi. Munzali ya zaci zai ga ɓacin rai, sai ya ga mutumin ya kwanta da baya yana dariya har da hawaye.

"Kai, wagga ƙohwa akwai taurin kai! Tau ba komi. Ka dawo sati mai zuwa, akwai wata dabara da nika tunani. In mun yanke shinkahwa kuma ni za ni taho Birni in kwana biyu wurinka, mu zauna mata."

Da Munzali mai sauraro ne, da ya ji abin da aka ce masa. Shekaru nawa rabon da Sama'ila ya yi zancen kwana a gidansa? Amma shi ba wannan yake ji ba. Gumin da ke goshin amininsa yake gani, da zanen nan na ƙasa, yana jin kansa azzalumi da ya zauna da amsa a baki yana kallon mutum yana wahala. Ga kuma cutar malanta, wadda ba ta barin mai ita ya ga ana kuskure ya yi shiru. Sama'ila ya sake gwadawa, ya sake. La'asar ta kusa. Munzali ya miƙa hannu ya kunna sautin.

Iska da gudun ruwa suka cika zauren. Ƙararrawar ta buga. Sama'ila ya saki maus ɗin kamar ya taɓa garwashi.

"Ashe shina da murya?" ya ce a hankali. "Dut wanga lokaci?"

"Taɓa hwamhon ka ji," in ji Munzali.

Ya taɓa, ya ji. Sama'ila mutum ne da ke gane ciwon inji da kunne tun kafin ya kwance shi, don haka bai ɓata lokaci ba. Ya saurari ƙararrawar, ya bi ta da famfunan, ya yi kuskure sau ɗaya, ya gyara. Ƙofar ta buɗe. Ruwa ya kwararo, fitilu suka kama, mutane suka sauko daga tudu. Ya kalla har sunayen suka gama hawa, allon ya yi baƙi. Sai ya juyo.

"Bature, tun da ƙohwar ga tab buɗe ba ka dubi allon ba ko sau guda. Ni kaka kallo."

Kafin Munzali ya buɗe baki, Sama'ila ya ƙarasa.

"Ka riga ka shiga."

"Awo," in ji Munzali. "Satin da yaw wuce. Ban yi niyya ba, Direba, wallahi hannuna na..."

"Ba komi," in ji Sama'ila.

Da ma ya yi faɗa. Da ya zage shi irin zagin da suke yi suna yara, da Munzali ya samu inda zai kama ya ba da haƙuri. Amma sai Sama'ila ya sa tafin hannu ya share zanen da ya yi a ƙasa, ya tashi ya ce lokacin salla ya yi. Suka yi alwala, suka bi jam'i a masallacin layin kafaɗa da kafaɗa, Munzali bai san me liman ya karanta ba don nadama ta cika masa ciki.

Da suka dawo ya tarar an sa masa shinkafa da busasshen kifi a bayan mota. Ya yi ta godiya fiye da kima. Sama'ila ya tambaye shi abin da zai ce a sharhin nasa.

"Zan ce wasa na mai kyau, amma ƙarshen bai kai yadda anka zata ba."

"A'a, ƙarshen lahiya lau shike. Mutane sun koma gidajensu, mi kaka so kuma? Ka ce musu su buga. Amma kak ka hwaɗa musu yadda aka buɗewa."

Munzali ya ce ba zai faɗa ba. Ya shiga mota ya tayar, ya sauke gilashi, ya ce in sha Allahu zai leƙo kwanan nan. Sama'ila ya dafa ƙofar motar yana murmushi, kuma babu gatse a muryarsa, tambaya ce kawai ta mai son ya sani.

"Tau, in ka zo, mi za mu yi?"

Munzali ya ce ai zumunci ba sai da dalili ba. Sama'ila ya ce haka ne, ya ce a gaida Adawiyya da yara, ya ɗaga hannunsa daga motar. Kafin Munzali ya gama juya kan motar, ya riga ya tsuguna gaban injin da ya bari a kwance tun da safe, yana neman sifanarsa.