Tattasan Metodiya

Shekara talatin da takwas Metodiya ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Bitola yana rubuta lokutan tashi da na isowa, don haka babu tafiyar da yake yarda da ita sai ya auna ta a takarda. Ta zuwa Melbourne, inda ƙanwarsa Trayanka ta yi aure tun tana da shekara ashirin, ya auna ta fiye da sau hamsin: daga filin jirgin Skopje kilomita dubu goma sha biyar da ɗoriya, awa ashirin da uku a sama, ban da zaman jira a Istanbul.

"Awa ashirin da uku a kujera ɗaya!" yakan ce mata a waya. "Ni buhun wake ne?"

"Yaya, ni wata guda na yi a jirgin ruwa, ina amai, ban mutu ba. Tsoro ne kawai, ka faɗi gaskiya."

"Lissafi ne, uwar surutu."

A watan Satumba na bara 'yarta Bilyana ce ta kira. "Kawu, Mama ta soma mantuwa. Likita ya ce mai son ta gane shi ya zo yanzu."

Amma lokacin ajvar ne, miyar gasasshen tattasai da ake adanawa a kwalba, kuma a layinsu ba a san mutumin kirki da zai bar gari tattasansa na jibge a tsakar gida ba. Ya gasa kilo tamanin, ya ɓare, ya bari ya tsane, ya tuƙa a kan wuta kamar yadda mahaifiyarsu take yi. Daga nan sanyi ya shigo, gwiwarsa ta ce a jira. Sai a watan Afrilu ya hau jirgi, da kwalba biyu naɗe cikin rigar sanyi.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne tafiyar ba ta yi wuya ba. Ya ci abinci sau huɗu, ya yi barci, ya farka, aka ce an iso.

Ya tarar da Trayanka a bakin taga. Ta gaishe shi da ladabin da ake yi wa baƙo. Bilyana ta shafa ajvar a burodi ta miƙa mata. Ta tauna a hankali, ta yatsina fuska.

"Bawan Allah, ka yi ƙoƙari, amma gishiri ya yi kaɗan. Ka jira na yayana Meto. Yana nan zuwa, in ya gama tattasai."

"Da nisa ne, shi ya sa ya daɗe," in ji Metodiya.

"Ina nisan? Kwana ɗaya ne fa. Matsoraci ne dai tun muna yara."

Ya buɗe baki zai kawo maganar kilomita, sai ya fasa. Ya ɗauko gishiri daga kan tebur ya barbaɗa mata.