Tokar Layin Raga

Ƙwallon ba ta zo da ƙarfi ba, ko tsohuwa za ta cafke ta, amma ta sulluɓe daga hannun Auta ta gangara cikin raga. Yarinyar ta tsaya tana kallon yatsunta suna karkarwa. Koci, wanda shi ne mahaifinta, ya daka mata tsawa a gaban sauran 'yan matan. Har gobe tsawar nan tana ci masa rai.

A asibiti likita ta ce gubar dalma ce a jininta, kuma ta yi yawa.

"Me take yawan taɓawa?"

"Ƙwallo kawai, likita. Raga take tsarewa."

Koci yana rufe baki ya gane inda gubar ta fito. Filin unguwarsu yana bayan masana'antar da ke narka tsofaffin batura, kuma da tokar da ake zubarwa a can yake zana layukan fili, don ruwan sama ba ya saurin wanke ta. Shi da bakinsa ya koya wa masu tsaron raga su tofa yawu a tafin hannu su murza tokar layi, wai don kada ƙwallo ta yi santsi. Auta kuwa ta fi kowa jin magana.

Ƙungiyar da ke shirya gasar 'yancin yara da kare muhalli har lambar yabo ta rataya masa a wuya, wai ya mayar da shara abin amfani. Masana'antar ce ta ɗinka wa yaran riguna. Kowa ya tafa, shi ma ya washe baki a hoto.

Ya sami shugabar ƙungiyar a ofis, ya zayyana mata komai. Ta yi salati, ta jajanta, sannan ta sassauta murya.

"Koci, ka bari a buga wasan ƙarshe mana. An riga an gayyaci baƙi."

"Ranki ya daɗe, 'ya'yan mutane ne ke birgima a wurin nan."

"Na ji. Amma in maganar ta fita, wa zai sake kawo mana tallafi?"

Ya fice daga ofishin. Ya bi gida-gida yana gaya wa iyaye su kai yaransu a auna jini. Wasu suka yi godiya. Wata uwa ta ci kwalarsa a ƙofar gida, bai ko ɗaga hannu ba, don ya san da gaskiyarta.

Ƙungiya ta naɗe tutocinta ta kai gasar wata unguwa mai ciyawa, aka sha jawabai a kan haƙƙin kowane yaro na yin wasa. A bayan masana'anta kuwa, Koci ya tuge sandunan raga, washegari yara suka jera takalmansu a gurbin suka ci gaba. Ba su da wani filin.

Da rana ya zauna a bakin gadon Auta da kwanon abinci. Bai gaya mata abin da likita ta ce ba, cewa hannun ba lallai ya dawo yadda yake ba.

"Baba, in na warke a wane fili za mu riƙa yi?"

"Ci abincinki tukuna."

Ta kai hannu ga cokali, hannun ya ƙi tsayawa. Koci ya karɓi cokalin ya ɗebo mata.