Layar Katakon Ƙofa

Da Hamissou kafinta ya ɓamɓare tsohon katakon ƙofar shiga, sai wani abu ya faɗo a kan takalminsa. Ɗan bututun ƙarfe ne da bai fi tsawon yatsa ba, ya yi baƙi ƙirin saboda daɗewa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya hango wata fata a nannaɗe a ciki, ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Hajiya, taho ki gani. Wannan kam ba aikin kafinta ba ne."

Hajiya Atine ta fito daga kicin, 'yarta Sailuba na biye da ita da littafi a hannu. Wata uku ke nan da suka bar haya a Landover suka tare a wannan gidan jan bulo a Alexandria, can ƙasar Turawa, cikin bazarar 2009. Tun daga lokacin maigidan yake fama da gwiwa, firiji ya mutu, Hajiya kuma ta ce jikinta bai taɓa sakewa da gidan ba.

"Innalillahi! Ban faɗa ba? Binne ne!"

"Umma, wa ya san mu a nan da zai yi mana binne? Gidan fa ya girmi Abba."

"Rufe min baki, sarkin karatu. Ranar Juma'a in an sauko masallaci Malam zai zo ya tofa addu'a, a ƙone shi."

Ta karɓi awartakin Hamissou ta ɗauke abin, ta jefa a gwangwanin tumatir, ta kai bayan gida.

Sailuba yarinya ce mai tsoro, ko waya ba ta son amsawa. Amma ta ga baƙaƙe a gefen fatar, ƙanana, a jere tsaf, kuma ranta ya ƙi yarda a ƙone rubutu ba wanda ya karanta shi. Ta saci jiki ta ɗauki hotonsa ta kai laburare. Matar da ke kula da tsofaffin takardu ta duba sau ɗaya ta ce rubutun Yahudawa ne, suna kafa irinsa a jikin ƙofa.

"Amma a waje ake kafa shi, inda kowa zai gani," in ji matar. "Ban taɓa jin an rufe shi da katako ba."

Washegari Sailuba ta je ofishin da ake ajiye takardun filaye. A takardar gidansu ta 1946 ta iske wani layi da aka buga da tafireta: ba a yarda a sayar ko a ba da hayar wannan gida ga Bayahude ko baƙar fata ba, sai dai in bara ne mai yi wa masu gida aiki. Ta karanta sau uku. Ta dubi bayan hannunta, ta dubi layin. A ƙasa akwai sunan mai saye, Alexander Cole, da na 'yarsa Edna da ta gaji gidan daga baya.

Sai ranar Alhamis ta samo lambar Edna a wani gidan kula da tsofaffi. Sau biyu tana kashe wayar kafin a ɗauka. A karo na uku ta yi bayani, tsohuwar ta ce, "Kada ku taɓa shi. Ina zuwa."

Ranar Juma'a da hantsi Hajiya ta riga ta zuba gawayi a kasko, sai tasi ta tsaya a ƙofar gida. Wata 'yar tsohuwa ta fito tana dogara sanda.

"Wace ce wannan?"

"Umma, ita ce... abin na babanta ne."

"Mai binnen kika kirawo min har gida? Sailuba, kanki ɗaya kuwa?"

Amma tsohuwa ce, kuma baƙuwa, Hajiya ba ta iya barinta a tsaye. Ta ba ta kujera fuska a ɗaure, ta ce wa 'yarta, "Tambaye ta me muka yi musu."

Edna ba ta ma lura da fushin ba. Idonta na kan matakalar bene. Ta yi ta magana, Sailuba na mayarwa da Hausarta mai ɗingishi. Ta ce su Yahudawa ne, asalin sunansu ba Cole ba ne, babanta ya datse shi don a sayar masa da gidan. Ta ce akwai bishiyar tuffa a bayan gida da ita da ƙanwarta suke hawa. Ranar Juma'a mamansu takan sauke labule tun rana ba ta faɗi ba, ta kunna kyandir, ƙanshin burodi ya cika ko'ina. Ranar Lahadi kuwa a yi musu ado su zaga unguwa, don maƙwabta su zaci coci za su. Wani iyali a ƙarshen layi asirinsu ya tonu, aka farfasa musu tagogi, cikin wata guda suka tashi.

"Babana ba ya iya zama a gidan da babu wannan a ƙofa, kuma ba shi da halin kafa shi a fili. Sai ya rufe shi da katako. Kullum in zai fita sai ya dafa wurin, kamar yana gyara takalmi. Na girma ina zaton ƙafarsa ce ke ciwo." Ta yi 'yar dariya. "Kakata kuwa ba ta iya Turanci ba. Shekara tara ta yi a gidan nan, ba a taɓa barinta ta buɗe baki a ƙofar gida ba."

Hajiya ta ce, "Me aka rubuta a ciki?"

Sailuba ta tambaya, ta juyo. "Wai farkonsa yana cewa Ubangiji ɗaya ne."

"Ɗaya?"

"Ɗaya, Umma."

"Sunan Allah ne a ciki, na sa shi a gwangwanin tumatir?" Ta miƙe da sauri har mayafinta na zamewa. "Ke kuma kina kallona kwana huɗu! Kira Malam ki ce ya yi zamansa."

Ta wanke hannu, ta ɗauko abin, ta naɗe shi a sabon farin ƙyalle, ta miƙa wa Edna da hannu biyu.

Tasi ba ta dawo da wuri ba, sai suka fita jira a kan dakalin ƙofar gida, Hajiya ta kawo shayi. Edna ta riƙe ƙyallen a cinya tana kallon layin, gida bayan gida. Sai ta gyara murya ta soma faɗin kalmomin da ke cikin fatar, da harshen addu'ar kakarta. Ta fara a hankali, sannan ta ɗaga murya yadda har tsallaken titi za a ji.

A tsallaken akwai wani mutum yana ba wa furanninsa ruwa. Ya ɗaga musu hannu, ya ci gaba da aikinsa.